Haƙƙin Matafiyi a Kanmu

Jawabin da aka gabatar a taron malamai da iyalansu na ƙarshen zangon karatu, reshen Kaduna ta Arewa



Masu shirya wannan zama sun nemi mu taɓo wani batu da bai shafi albashi ko ƙarin girma ko fansho ba, tun da waɗannan suna da ranakunsu da masu bayaninsu. Don haka muka zaɓi maganar matafiyi, musamman matafiyin da ba shi da mota, ba shi da dangi a inda ya dosa, wanda abincinsa da makwancinsa suke hannun mutanen da bai taɓa gani ba. Muna so mu duba yadda irin wannan mutum yake ratsa ƙasashe ya kai inda ya nufa, da abin da hakan yake nuna mana game da tarbiyyar da muke bai wa yaran da aka damƙa mana.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da kan ɗaure tanti da 'yar tukunya da kayan faci a kan keke, su kama hanya wata da watanni. Akwai kuma masu tsayawa a bakin titi suna ɗaga hannu, suna roƙon duk direban da Allah Ya kawo ya rage musu hanya, daga wannan mota zuwa waccan har su ƙetare ƙasa guda. Wani Bajamushe mai suna Heinz Stücke ya bar garinsu a kan keke a shekarar 1962, ya shafe kimanin shekara 50 yana kewaya duniya kafin ya koma gida da zama. Duk wanda ya bi labaran irin waɗannan mutane zai lura da abu guda. Sukan ambaci duwatsu da koguna da manyan gine-gine a taƙaice, amma idan suka zo kan tsohuwar da ta miƙo musu ruwa, ko mai facin da ya gyara taya ya ƙi karɓar ko sisi, ko direban da ya sauke su a ƙofar gidansa ya ce a kawo tuwo, sai su tsaya su yi ta bayani.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Mai mota yakan tashi daga Kawo, ya wuce Rigachikun da Maraban Jos da Birnin Yero da Jaji, ya isa Zariya cikin abin da bai fi awa guda da 'yan mintoci ba, bai gaisa da kowa ba, gilashi a rufe. Mai keke ɗauke da kaya kuwa, wannan tafiya ta kimanin kilomita 80 yini guda ce a wurinsa. Ruwansa zai ƙare, dole ya nema. Taya za ta yi faci ko kaca ta tsinke, dole ya tambayi inda mai gyara yake. Rana za ta faɗi, dole ya yi sallama a ƙofar wani. Rashin ƙarfinsa shi yake tilasta masa shiga hannun mutane, kuma shi yake sa mutane su saki jiki da shi, domin kowa yana ganin gumin goshinsa da iyakar abin da ya mallaka.

Kada mu ɗauka wannan al'ada ta Turawa ce kaɗai. A shekarar 1952 wani ɗalibi ɗan Najeriya, Olabisi Ajala, ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles a ƙasar Amurka, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, sanye da tufafin gida, yana tsayawa a garuruwa yana yi wa mutane bayanin ƙasarsa. Daga baya ya hau babur ya ratsa ƙasashe da dama na Turai da Asiya da Afirka, har sunansa ya zama laƙabin duk mai yawan yawo a ƙasar Yarabawa.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar malami shi ne na Mamadou Safayou Barry, wani matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 25. Yana son ya yi karatu a Jami'ar Azhar da ke birnin Alƙahira, ba shi da kuɗin jirgi. A shekarar 2023 ya hau keke ya bi ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har ya shiga Chadi, tafiyar kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Sau uku jami'an tsaro suna tsare shi a hanya. A Chadi wani ɗan jarida ya yi hira da shi, labari ya bazu, mutanen da ba su haɗa komai da shi ba suka tara masa kuɗin jirgi, ya tsallake Sudan inda ake yaƙi. Ya sauka Alƙahira a watan Satumba na wannan shekara, jami'ar kuma ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa. Ƙafafunsa ne suka taka feda, babu shakka, amma wata huɗu a hanya ba sa yiwuwa sai da hannun ɗaruruwan mutane waɗanda ba za a taɓa rubuta sunayensu ba.

'Yan'uwa, matafiyi yakan kira wannan sa'a. Mu da muke karantar da tarihi mun san ba daga sama take faɗowa ba. Tsari ne da al'umma ta gina, ta kuma koya wa 'ya'yanta, kuma a cikin al'ummomin Afirka ta Yamma kaɗan ne suka gina shi kamar yadda kakanninmu suka yi.

Mu ɗauki kalmar da muke amfani da ita kullum a makaranta. Muna cewa zango na ɗaya, zango na biyu, zango na uku. Asalin zango shi ne wurin da ayarin fatake yake sauka bayan tafiyar yini, a sauke wa jakuna kaya, a ɗora tukunya, a kwana, gari ya waye madugu ya ba da umarnin tashi. Fataken da suke kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro sun shimfiɗa irin waɗannan masaukai tun daga Kano har Salaga. Da yawa daga cikinsu sun zama garuruwa da unguwanni: Zangon Aya a nan hanyar Zariya, Zangon Kataf, Zangon Daura, da zangunan Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano. A kowane zango akwai mai masauki, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Shi zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kayansa, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. A madadin haka baƙo yana ƙarƙashin idonsa, kuma idan baƙon ya yi ɓarna, mai masauki ake tambaya. Wannan tsari ya haɗa karamci da tsaro wuri guda, kuma za mu komo kansa nan gaba.

A gida ma haka abin yake. Zaure ɗakin baƙo ne. Randar da ake ajiyewa a ƙofar gida ko gindin bishiya, da moɗa a kanta, ba a ajiye ta don mutanen gida ba. Uwar gida takan ƙara hannu a tuwon dare ko da ba a sanar da ita zuwan kowa ba. A yau masu yawon keke suna da wani dandali a intanet mai suna Warm Showers, wanda aka faro tun 1993, inda mutum kan rubuta sunansa cewa duk mai keken da ya biyo ta garinsu yana da wurin kwana da ruwan wanka kyauta. Abu ne mai kyau, sai dai idan muka dube shi da idon basira za mu ga zaure ne da randa aka ɗora a kan na'ura.

Babbar jarrabawar wannan tsari ita ce hanyar Makka. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyaci yakan yi sallama da iyalinsa sallamar da ba a tabbatar da komowa ba. Daga Kano ya nufi Maiduguri, ya ƙetara zuwa birnin da a yau ake kira Njamena, ya bi ta Abeche, ya shiga Darfur ta Janaina da Fashir, ya wuce Ubayyid da Khartum, har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, sannan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu a ƙasa suka yi ta, wasu a kan jaki ko raƙumi, daga baya wasu a bayan manyan motoci. Guzuri yakan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago a gonar wani, ko ya yi ɗinki, ko wanzanci, ko ya karantar da yara, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Wasu sun zauna a hanya har abada, shi ya sa Hausa take raye a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da gonakin auduga na Jazira. Da yawa daga cikinmu a nan muna da kaka ko kakan kaka da ya yi wannan tafiya. Idan ya je ya dawo, to Barebari da Shuwa da mutanen Wadai da na Darfur ne suka ciyar da shi. Bashi ne a kanmu wanda ba mu san masu shi ba, ba kuma za mu iya biyansa ba sai ta hannun wani matafiyin.

Har a tarihin aikinmu na koyarwa akwai irin wannan. Dorugu yaro ne Bahaushe daga yankin Damagaram wanda bauta ta raba shi da iyayensa. Ya bi Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, suka ratsa Sahara har Ingila a 1855. A can ya zauna gidan wani malami mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa aka rubuta. Barth ya ci abincin mutanen Katsina da Kano da Sakkwato a matsayin baƙo, Dorugu kuma ya ci na mutanen Ingila. A ƙarshen rayuwarsa Dorugu ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, wadda take cikin tushen makarantun da muke koyarwa a cikinsu yau.

Addinanmu ba su bar wannan al'amari ga ganin dama ba. A Musulunci, matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutane takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba a matsayin masu haƙƙi a zakka, ko da mawadaci ne a garinsu, kuma liyafar baƙo kwana uku ce. 'Yan'uwanmu Kirista suna karanta labarin Basamariyen da ya tsinci matafiyi a yashe bakin hanya bayan 'yan fashi sun raunata shi, ya ɗauke shi ya kai masauki ya biya kuɗin jinyarsa, alhali ba ƙabilarsu ɗaya ba. Dukanmu kuma mun san Annabi Ibrahim, wanda ya yanka wa baƙinsa ɗan maraƙi tun bai san ko su wane ne ba. Bahaushe ya dunƙule wannan duka ya ce baƙonka annabinka.

Idan akwai garin da ya kamata ya riƙe wannan, to Kaduna ce. Sai a 1917 hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo nan. In ban da 'yan'uwanmu Gbagyi da aka tarar, kusan kowa a wannan ɗaki ubansa ko kakansa da ƙunshin kaya ya sauka, ko a tashar jirgin ƙasa ko a tashar mota, yana tambayar unguwar mutanen garinsu. Wani ne ya ba shi tabarma a Unguwar Shanu ko Abakpa ko Unguwar Sarki ko Kabala, kafin ya kama haya, kafin ya yi aure, kafin a haife mu.

To, ina muke yau? Gaskiya ita ce tsoro ya shiga tsakaninmu da baƙo, kuma tsoron yana da dalili. Rikicin 2000 da na 2002 sun mai da kogin nan iyaka, har ya zama akwai yaran da aka haifa a Kawo ko Badarawa da suka girma ba su taɓa kwana a ƙetaren gada ba, haka ma takwarorinsu na can. Mun ga abin da ya auku a hanyar Birnin Gwari da ta Abuja, mun ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022. Direban da ya tsaya wa mai ɗaga hannu yana iya faɗawa tarko, fasinjan da ya shiga motar da bai sani ba shi ma haka. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, babu mai ganin laifinsa.

Amma mu dubi inda tsoro yake kai al'umma idan babu tsarin da zai riƙe shi. A watan Maris na 2025, matafiya 16 da suka hau bayan wata babbar mota daga Fatakwal za su gida yin Salla, aka tare su a Uromi ta Jihar Edo, aka zarge su, aka kashe su ba tare da alƙali ya ji ta bakinsu ba. Bayan wata uku, 'yan ɗaurin aure da suka tashi daga Zariya suka ɓata hanya a ƙaramar hukumar Mangu ta Jihar Filato, aka kashe fiye da goma daga cikinsu. Mun yi kuka, kuma ya kamata mu yi. Sai dai a unguwanninmu ma, ihun ɓarawo ko jita-jitar satar yara ya isa a taru a kan mutumin da laifinsa kawai ba a san fuskarsa ba, kuma cikin masu ɗaukar dutse akwai yara masu kayan makaranta. Waɗanda suka yi aika-aikar Uromi da Mangu su ma sun taɓa zama a gaban wani malami. Wannan shi ne abin da ya sa batun ya zama namu.

Ba muna cewa a buɗe ƙofa ga duk wanda ya ƙwanƙwasa ba. Kakanninmu ma ba haka suka yi ba, domin zamaninsu akwai 'yan fashi da masu kamun bayi. Abin da suka yi shi ne, baƙo yana da inda ake kai shi, yana da wanda zai tambaye shi daga ina zuwa ina, yana da wanda zai tsaya masa. Wannan ne muke roƙon mu farfaɗo da shi, kuma muna da shawarwari da ba sa bukatar kasafin kuɗi.

Na farko, mu koya wa yara abin da za su yi idan suka ga baƙo. Su gaishe shi, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan ya tambayi hanya su nuna masa daga inda suke tsaye, idan ya nemi ruwa su kira babba ya ba shi. Kada su bi shi, kada su shiga motarsa, kada kuma su bi bayansa da tsokana ko roƙo don fatarsa ko harshensa ya bambanta da nasu. Idan sun ga abin da bai kwanta musu ba, su sanar da malami ko mai unguwa. Mu nanata musu har ya zauna cewa hukunci aikin hukuma ne, kuma wanda ya jefa dutse ɗaya a cikin taron da ya kashe rai yana da kaso a cikin jinin.

Na biyu, mu iyaye mu zauna da masu unguwanni da limamai da fastoci a san inda za a kai matafiyin da dare ya yi masa. Ɗaki guda kusa da masallaci ko coci ko gidan mai unguwa, da littafin rubuta suna da lambar waya, da sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya wadatar. Baƙo ya sami wurin kwana, unguwa kuma ta san wanda ya kwana a cikinta.

Na uku, mu tuna da baƙon da yake zuwa har cikin ofishin malamai. Tun da aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973, kowace shekara ana turo mana matasa daga Inugu ko Akure ko Kalaba, ba su jin Hausa, iyayensu kuma suna can hankali a tashe saboda abin da suke ji game da Kaduna. Haka ma abokin aikin da aka yi wa canjin wurin aiki daga ƙetaren kogi ko daga ƙauye. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne. Kowace makaranta ta ware malami guda ya zama mai masaukin irin waɗannan, ya taya su neman ɗaki, ya nuna musu kasuwa da asibiti, ya kai su su gaida mai unguwa. Abin da suka gani a hannunmu shi za su kai gida, kuma shi 'ya'yanmu za su tarar idan aka tura su can.

Na huɗu, mu shigar da waɗannan labarai cikin darasi. Malamin labarin ƙasa ya sa yara su zana hanyar Barry ko ta alhazan dā a taswira. Malamin lissafi ya tambaye su kwana nawa mai keke zai yi daga Kaduna zuwa Kano idan yana cin kilomita 80 a yini. Malamin Hausa ya aike su su tambayi kakanninsu wa ya fara saukar da su a garin nan, su rubuto. Za mu sha mamakin sunaye da ƙabilun da za su fito a waɗannan takardu.

Na ƙarshe, ga matasanmu masu sha'awar fita. Tafiya mabuɗin ilimi ce, ba za mu hana ku ba. Ku fita da fasfo da katin rigakafi, ku bar wa gida bayanin inda kuka nufa, ku koyi gaisuwa da godiya a harshen mutanen da za ku ratsa, ku guji tafiyar dare, ku nemi shugaban gari ko na zango idan kun sauka. Ku kuma bambance mai alheri da dillalin mutane. Mai alheri ba ya karɓe muku takardu, ba ya ce ku ɓoye wa iyayenku. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Wannan ma tafiya ce a motar wanda ba a sani ba.

Shugaban taro, 'yan'uwa, yau muna rufe zango, gobe da yawa daga cikinmu za su kama hanyar garuruwansu, kowa zai zama baƙo a wani wuri kafin ya isa. Muna roƙon Allah Ya kiyaye hanya, Ya haɗa mu da mutanen kirki, Ya sa mu ma mu zama mutanen kirki ga wanda ya biyo ta ƙofarmu. Allah Ya jiƙan matafiyan da ba su kai gida ba, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya kai mu zango na gaba da rai da lafiya.